Gashin Zabo a Gurbin Baure

Waccan shekarar ta yi wuya. Ba zan yi mata kwalliya ba, wuya ta yi, kuma duk wanda ya ce maka ya ji daɗin wani abu a cikinta, to ba a ƙauyenmu ya kwana ba.

Bana ce ta tuno mini da ita. Ruwa ya ɗauke mana daidai lokacin da masara ta fara gemu, ga taki a gindinta yana ƙona saiwa. Kullum da la'asar hadari zai haɗu ta gabas, ya yi baƙi kamar gindin tukunya, iska ta taso, mata su ruga su kwashe shanya, sai kuma ya watse. Washegari ɗan kabu-kabu ya zo ya ce ai a Kafur aka yi shi kamar da bakin ƙwarya. Na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a zaure sai in ji kamar akwai cinnaka a tabarmar, in tashi in tafi gona, in tsaya ina kallon ganyen masara ya nannaɗe kamar na albasa, in dawo, in sake komawa. Hajara, matata, ta ce, "Malam, wannan safa da marwa ba ita za ta kawo ruwa ba." Na sani. Ƙafar ce ba ta sani ba.

Sai shekaranjiya, bayan duk mun cire rai, ruwa ya ɓarke tun hantsi har azahar. Da ya tsagaita na fito ƙofar gida, sai na ji rafi yana ruri daga cikin duwatsu. Irin wannan rurin, na ruwan da ya zo bayan an gama buƙatarsa, sau ɗaya na taɓa jinsa. Hajara ma ta ji. Ta tsaya da tsintsiya a hannu ta dube ni. 

A waccan shekarar ina sabon magidanci, gemuna bai gama haɗuwa ba. Ƙauyenmu a gindin duwatsu yake, tsakanin Dayi da Malumfashi. Rafin yana gangarowa daga cikin duwatsun, ya bi ta kan falalen dutse, ya taru a wani gurbi mai zurfi ƙarƙashin wani tsohon baure, sannan ya wuce fadama ya tafi neman babban kogi. Gurbin Baure muke ce wa wurin.

Damina ta fara lafiya lau. Muka yi shuka da ruwan fari, muka yi noman fari, muka yi maimai, gayya tana zagawa daga gonar wannan zuwa ta wancan. Gero ya fara bunni, sai sama ta rufe bakinta. Rana ta dinga fitowa fara fat tun da safe. Ƙasa ta tsage har kana iya zura yatsa. Gero ya tsaya da kai ba ƙwaya, in ka murza zangarniya a tafin hannu sai ƙaiƙayi. Dawa ta fara ja tun daga ƙasa. An fita roƙon ruwa, har da tsofaffin da sai an riƙe su, aka dawo da ƙishirwa.

Rumbu kuwa dama a ƙarshen damina ba ka tambayarsa. Inna, mahaifiyata, ta shiga ciki da tsintsiya ta share gindinsa, ta tankaɗe abin da ta samu, rabi hatsi rabi kashin ɓera. Akuyarmu ta tafi kasuwar Dayi ta dawo a cikin ƙwarya, 'yar dawa ba ta taka kara ta karya ba. Daga nan sai ganye. Da safe mata su fita su yago tafasa da rama da lalo, a dafa, a matse, a barbaɗa gishiri. Ba ƙuli-ƙuli, ba mai. Da rana ba a ɗora tukunya. Da yamma a dama dusa a zuba sauran ganyen a ciki, a ce sunansa fate. Ka sha ka cika ciki, kafin ka wanke hannu ya zama ruwa. Bakinka kullum ɗaci. In ka miƙe da sauri sai ka ga duhu, sai ka dafa bango.

Sai kuma fara. Ita ce naman shekarar. Tun da sanyin safiya, kafin ta ji ɗumin rana ta fara tashi, kowa ya shiga cikin karan da ya mutu yana kamawa, a gasa a kasko, a raba a tafin hannu. Har ita ma ta zo ta yi wuya, don bakuna sun fi ta yawa.

Maza duk maganarsu ɗaya, ci-rani. Ni da Mati, maƙwabcina da danga ɗaya ta raba mu, mun shirya da zarar Hajara ta sauka ta ɗan ji ƙarfi za mu tafi Funtua dako, mu dinga aiko da hatsi gida. Wannan shirin shi kaɗai nake da shi.

A cikin wannan hali Hajara ta haihu. Mace. Aka sa mata sunan Inna, muka dinga ce mata Uwani. Aka yi suna ba rago, liman ya yi addu'a, kowa ya shafa ya tashi da sauri don kada a ji kunyar juna. Kwanakin farko nono ya zo, kaɗan. Sannan ya fara ja da baya. Inna tana tafasa ruwan wanka safe da yamma, ni ke saro itace, wannan kam ba mu rasa ba. Amma kunun kanwa babu gero, sai dusa. Fulanin da ke zaune a bayan dutse, waɗanda da za a roƙi madara a wurinsu, sun kora shanunsu kudu tun da ciyawa ta ƙone. Jaririya ta kama nono ta ja, ta ja, ta saki ta tsala kuka. Tun tana kuka da ƙarfi har kukan ya koma kamar na ɗan mage. Maɗigarta ta faɗa.

Inna ta same ni a bayan ɗaki ina faskare. Ba ta saba yi mini magana a kan matata ba. Ta ce, "Kai, ajiye gatarin nan. Ruwan zafi ba ya zama nono. Yarinyar nan romo take so, mai maiƙo. In ba ta samu abin da zai riƙe mata ciki ba, jaririyar nan ba za ta ga sanyin bana ba."

Na ce, "Inna, a ina?"

Ta ce, "Da na san inda yake ai da ban zo wurinka ba."

A makon ne ruwan ya zo. Kaka ta riga ta shigo, babu abin da zai tayar a gona, amma ya zuba kamar wanda ya tuna da bashin gaisuwa. Rafi ya cika ya yi ruri, ya kai har babban kogi. Kifi kuwa dama ruwa mai ƙarfi yake jira ya hau rafi ya zuba ƙwai. A shekarar ya jira ya gaji, sai yanzu ya samu hanya, ya hau a makare kamar kowa. Na gani da idona. Tarwaɗa suna bin juna a ruwan da bai wuce idon sawu ba, bayansu a waje, suna karkaɗa jela tsakanin duwatsu suna shiga cikin ciyawa. Kafin gari ya gama jin labari ruwa ya ja, suka tattaru a Gurbin Baure, suna juyawa a ƙasa baƙi ƙirin.

Kafin kowa ya ɗauko komarsa ta kamun kifi, Baba Nomau, Sarkin Ruwanmu, ya riga ya kafa kara a bakin gurbin ya ɗaura masa kaba. An ɗaure ruwa ke nan. Ba koma, ba taru, ba shiga da ƙwarya, har sai sanyi ya shigo 'ya'yan kifi sun yi wayo, sannan a buga ganga a yi su, wato kamun kifin gayya, gaba ɗaya. Fatsa kaɗai aka yarda da ita, mutum ɗaya ƙugiya ɗaya. In kuma ka kama mai ƙwai, ka mayar da ita. Yanzu in ka je wurin, injinan masu tumatir ne a jere suna zuƙar ruwa, masu tifa sun kwashe yashin, bauren ma an sare. Bara na ga samari sun zuba maganin feshi, kifi ya taso ciki sama, suka kwashe da kwando. Tun da Baba Nomau ya rasu ban sake ganin kaba a bakin ruwa ba.

Ranar da ya ɗaure ruwan, bayan sallar la'asar, aka tare shi a ƙofar masallaci. Mati ne a gaba, gidansa cike da 'ya'ya. Ni ina bayansa.

Mati ya ce, "Baba, mutane na shan dusa, kai kana gadin kifi?"

Baba Nomau yana neman takalminsa da ƙafa, bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Kai Mati, irin geron da ka rataye a ɗaka, ka daka ka ci?"

"Wasu sun ci nasu."

"To su za ka je ka tambaya abin da za su shuka baɗi."

Na ce, "Baba, ni fa mai jego gare ni."

Ya dube ni kamar zai ƙara wata magana, sai ya dubi taron, ya fasa. Ya ce, "Ba a hana ka fatsa ba."

Na saro gwangwala siririya, na zare igiya daga cikin tsohuwar taya, na aro ƙugiya. Na tono tana da ƙyar na jefa ƙasa, ƙaguwa ta cinye. Kifin da ke hidimar ƙwai ba ya damuwa da abin da ke ƙasa. Abu ɗaya na ga yana taso masa, farar da iska ta kaɗo daga ciyawa ta faɗa bisa ruwa tana shure-shure. Washegari na ɗebi farar da muka kama da safe, da ranta, wadda da za a gasa wa Hajara, na tafi da ita. Ina soka ta a ƙugiya ina jefawa, 'yan kawara, waɗannan ƙananan kifaye masu sheƙi, suna fizge ta ɗaya bayan ɗaya su bar mini ƙarfe. Na dawo gida ba kifi ba fara. Inna ta dubi hannuna ta ce, "Sannu. Su can sun ƙoshi ko?"

Da na koma gurbin, sai na tarar da Ɗanjuma a kan dutse. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, mutumin da ko a wurin jana'iza sai ya sami abin da zai tsokane ni da shi. Ƙayar tarwaɗa ta soke shi a hannun dama, hannun ya kumbura kamar gwanda, ya naɗe shi da tsumma.

Ya ce, "Bawana, an ce jiya ka yi wa kifi walima. Yau me ka kawo musu, tuwo?"

Na ce, "Ɗanjuma, yau ba na wasa."

"Yo dama yaushe ka iya? Zo nan. Cire mini hular nan."

A cikin naɗin hularsa akwai gashin zabo, da guntun totuwar kara. Ya ce tun farkon yunwar ya ga gashin zabo ya faɗa ruwa kawara ta kai masa cafka, sai ya ce ashe kifi ma ana yi masa wayo. Da shi yake ɗan samo wa gidansa abin miya kafin hannun ya hana shi. Ya sa na yanki totuwa kamar gaɓar ɗan yatsa, na ɗora ta a bayan ƙugiya, na kwantar da gashin zabo biyu a kanta kamar fukafukai, na zaro jan zare daga bakin hularsa na naɗe. Shi yana riƙe da bakin zaren da haƙori, yana zagina ta gefen baki. Da muka gama na ɗora abin a tafin hannu. Wallahi in ba ka matso ba, fara ce.

Na ce, "Ina dutsen da zai nutsar da ita?"

"Ka taɓa ganin fara da dutse a wuya? A bisa ruwa za ta zauna. Wannan ba ta ƙarewa, kuma Inna ba za ta neme ta a kasko ba."

Ɗaurawa ashe ita ce mai sauƙi. Jifar ce aiki. Abu ba nauyi, sai ka kaɗa sandar baya, igiya ta miƙe, ka kaɗo ta gaba. Na farko na kama reshen baure. Na hau na ciro. Na biyu na kama rigata. Can kuma ƙugiya ta shige fatar kunnena, jini yana bin wuyana, Ɗanjuma ya kwanta a kan dutse yana dariya yana riƙe da kumburarren hannunsa.

"Yau kam ka kama babba! Sai dai ba ya ciyuwa, ƙashi ya yi yawa."

Kwanaki muna haka. Ya ce, "Kada ka jefa kamar kana jifan kare. Fara a hankali take faɗowa." Ya ce, "Ka zo ta ƙasan ruwa. Kifi inda ruwa ke fitowa yake kallo, ka zo masa ta ƙeya." Ya ce, "Durƙusa mana, dogon banza, inuwarka ta riga farar isa." Duk na ji. Abin da na kasa shi ne tsayawa. Da farar ta sauka sai in ji hannuna yana ƙaiƙayi, in fizge, in sake jefawa can, in koma wancan dutsen, in dawo wannan. Dutse ya yi zafi yana gasa mini gwiwa, ƙudan baure suna shiga ido, cikina yana kuka. Ruwa yana tsiyaya tsakanin duwatsu, ni kuwa kukan Uwani nake ji a ciki. Da rana ta yi tsaka sai in ajiye sanda in ruga gida, in tsaya a bakin ɗaki in kasa kunne, in na ji ɗan kukan nan in juyo da gudu. Ɗanjuma ya ce, "Kai da kaza mai neman wurin ƙwai ban san wanda ya fi wani ba."

Na fara kama kawara, 'yan kamar yatsa. Inna ta dafa, ta ce, "Wannan ai ƙaya ce da ido." Hajara ta sha ruwan. Babu abin da ya canza. Ta daina kallona in na shigo, sai ta juya fuska bango, ba don fushi ba, don kada in ga idonta.

Wata safiya Mati ya kira ni ta kan danga, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce komarsa na nan cikin buhu. Ya ce, "Ja ɗaya za mu yi, Sule. Ja ɗaya. Gidanka ya ci, gidana ya ci. Tsohon nan me zai yi mana, ya ci mu?"

Na ce, "Bari in gwada yau. In ban samu ba, gobe da safe ina tare da kai."

Ranar ban ruga gida da rana ba. Ba haƙuri na koya ba, ƙafafuna ne suka ƙi. Na durƙusa a bayan wani dutse ta ƙasan gurbin, na jingina kafaɗa, na zauna kamar kayan wanki. La'asar ta yi sanyi, iska ta ɗan taso ta kaɗa bauren, 'ya'yansa suna faɗawa ruwa ɗaya-ɗaya. Na kaɗa sandar ba ƙarfi, don ƙarfin babu. Farar ta tafi ta sauka daidai bakin saiwar baure, a hankali, ko zobe ba ta yi ba. Ruwa ya ɗauke ta yana juya ta.

Sai na ga ruwan ya kumbura a ƙarƙashinta. Gashin baki ya fara fitowa, sannan bakin tarwaɗa mai faɗi kamar bakin moɗa. Ya rufe.

Ɗanjuma ya ce cikin raɗa, "Tsaya. Tsaya, don ubanka. Bari ta juya."

Ta juya. Na ɗaga.

Gwangwala ta lanƙwashe har na ji tana ƙara. Kifin ya nufi cikin saiwa, na ja shi gefe, ya nufi zurfi, na bi shi a kan gwiwa, duwatsu suna yanka ni. Igiyar taya ta shige yatsana. Ɗanjuma yana tsalle da hannu ɗaya a sama, "Kada ka ja! Ja mana! Sake mata! Kai wane irin bawa ne!" Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san na jawo tarwaɗar kan yashi, na faɗa mata da ƙirji, na tuɓe riga na naɗe ta. Tsawonta ya kai daga yatsana zuwa kafaɗa, sanyi ƙalau, santsi, tana numfashi a jikina.

Na jira Ɗanjuma ya yi tsiyarsa. Shiru. Na ɗaga kai, na ga cikin kifin yake kallo. Ciki ya yi tim, ƙwai har yana tsattsafowa a rigata.

Ya ce, "Sule, mai ƙwai ce."

Tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar.

Na ce, "Ban gani ba."

Ya ce, "Ko ni na rufe ido, ga Baba can."

Baba Nomau yana saman dutse a inuwa, inda yake wuni kullum tun da ya ɗaure ruwan. Ya sauko a hankali, yana dogara sanda, yana zaɓen wurin taka ƙafa. Na miƙe da kifin a ƙirji.  Kafin ya buɗe baki na ce, "Baba, ba zan mayar ba."

Ya sa babban yatsa ya danna cikin kifin. Ya ce, "Jaririyar tana kama nono?"

"Tana kamawa. Babu komai a ciki."

Ya dubi ruwa. Sannan ya ce, "Mai ƙwai ɗaya ta halatta ga mai jego. Haka muka tarar. Ɗaya, ba biyu ba."

Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa tun a masallaci?"

"Da na faɗa a can, da kowane gida ya wayi gari da mai jego, har gidan gwauro. Kuma ba ka ji sauran ba. Ba kyauta ba ce. Mijin da ya ɗauki mai ƙwai, shi ke gadin ruwa har ranar da za a yi su. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, nan ne gonarka, nan ne kasuwarka. Wanda duk ya zo da koma, ko ɗan'uwanka ne ciki ɗaya, kai za ka tare shi. Ni gwiwata ta gaji da hawan dutsen nan."

Na ce, "Funtua fa? Na shirya ci-rani."

Ya ce, "To ga ruwa nan, ba nisa. Sake ta ka tafi Funtua."

Na tsaya. Har sanyi ya shigo, ba dako, ba hatsin aikowa, sai tafasa da abin da gashin zabo ya kamo. Kifin ya motsa a cikin rigar. Na ƙara matse shi.

Ɗanjuma ya sauke numfashi ya ce, "Shi ke nan, bawana ya samu sarauta. Ranka ya daɗe, Sarkin Gadin Kwaɗi."

Inna ba ta tambaye ni komai ba. Ta karɓa, ta goge santsin da toka, ta yanka. Ta fito da ɗan ƙullin daddawa da ban san tana da shi ba, da citta, da barkono. Kafin magariba ƙamshi ya cika gidan, maiƙo yana yawo a bisa tukunya rawaya-rawaya. Can bayan danga na ji 'ya'yan Mati sun yi tsit, su da ba sa shiru. Inna ma ta ji. Ta zuba kan kifin da ɗan romo a kwano ta miƙa ta saman danga. Sauran ta kai wa Hajara, da ƙwan gaba ɗaya. Ina daga waje ina jin ƙarar ludayi. Ni ba a ce in taɓa ba, ban kuma nema ba.

Na leƙa na ce, "Inna, ya zo?"

Ta ce, "Kai, nono ba guga ba ne da za a zura a jawo. Tafi ka ba mutane wuri."

Washegari na tashi na yi salla, na naɗe tabarma, na ɗauki sandata. Sai na lura gidan shiru. Ɗan kukan nan da na saba ji tun asuba, babu. Na tsaya a tsakar gida, ƙafar da ta ƙi zama tun farkon abin nan yau ta ƙi tafiya. Na kasa zuwa bakin ɗakin, na kasa fita.

Inna ta ɗaga asabari ta fito da ƙwarya. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ka tsaya kamar turke. Ba gadi aka ba ka ba?"

Na ce, "Inna, ban ji kuka ba."

Ta ce, "Da wane bakin za ta yi? Tana sha."

Uwani yanzu tana Funtua da 'ya'yanta. Ba ta cin tarwaɗa, wai ƙarni gare ta.

Na fita. Raɓa ta jiƙa mini ƙafar wando kafin in kai duwatsu. Da na gangara Gurbin Baure, Mati yana zaune a kan yashi, buhu a gefensa, bakin koma ya leƙo.

Ya ce, "Ka ce yau da safe kana tare da ni."

Na ce, "Ga ni."

Na warware tabarmata na shimfiɗa tsakaninsa da ruwa, na zauna, na ɗora sanda a cinya. Ya dubi tabarmar, ya dubi karan da kabar ke kaɗawa a kai. Labari ya riga ya kai masa, kan kifin ma a gidansa ya kwana. 

Ya ce, "Jaririyar fa?"

"Tana sha."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Nawa kuma fa, Sule? Su me za su sha?"

 Na cire hulata, na zaro farar gashin zabo, na ɗaura ta a igiya, na miƙa masa gwangwalar.

Na ce, "Tashi. Zagayo ta ƙasan ruwa. Ka durƙusa. Kuma kada ka jefa kamar kana jifan kare."